Labulen Shara-shara na Shagon Yaya

Ita ce auta a gidansu, kuma sunan ya bi ta har ta fara furfura. 'Ya'yan yayanta suna ce mata Goggo, teloli a shago suna ce mata Mai Kwamfuta, amma a bakin Yaya da Inna, mahaifiyarsu, ba ta taɓa wuce Auta ba. Mahaifinsu mai sayar da labule ne. Shagonsa yana bakin wata doguwar hanya da motoci ba sa yankewa, a gaba ana ciniki, a baya kekunan ɗinki suna ta ƙara daga safe zuwa yamma. A nan ta yi wayo, a ƙarƙashin teburin yanka, tana tsince ƙyallaye. Da tsohon ya rasu shago ya koma hannun Yaya, wanda ya girme ta nesa ba kusa ba, har baƙi kan zaci shi ya haife ta.

Ita kaɗai ta yi nisa a karatu. Da ta gama ta sami aiki a wani ƙaramin kamfani da ke gina wa mutane shafukan intanet, a saman wani kantin magani. Rabonta a aikin shi ne hotuna: ta gyara, ta cire abin da ke bayansu, ta rage musu nauyi, ta miƙa wa masu jera shafi. Ta auri wani mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, mutum marar yawan magana, wanda idan ya dawo aiki yakan zauna kusa da ita yana kallon tana goge gefen hoto kamar mai kallon wasa. Allah bai ba su haihuwa ba, ba su kuma daɗe tare ba. Wata ranar aiki tsani ya zame da shi daga bene, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Bayan an watse daga zaman makoki Yaya ya same ta a ɗakin hayarta, ya zauna a kujerar mamacin ba tare da ya lura ba.

"Ba za ki zauna ke kaɗai kamar wadda ba ta da kowa ba," in ji shi. "Ga Inna ƙafa ta ƙi, ga shago yana son shafi kamar na kowa. Abin da kike yi wa bare, ki zo ki yi wa gida."

Ba ta saba yi masa musu ba, kuma a lokacin ko ina aka ja ta za ta bi. Ta ajiye aiki. Maigidan kamfanin ya ce ƙofa a buɗe take duk ranar da ta so dawowa, irin maganar da ake yi wa mai tafiya.

Aka ba ta ɗakin baya, bango ɗaya da na Inna, tagarsa tana kallon katangar maƙwabta. Teburinta tsohon teburin keken ɗinki ne da aka cire wa kai, ta ɗora katako a kan ramin ta ajiye kwamfuta. Ƙafarta takan taka fedar da ke ƙasa tana aiki, ba ta ma sani ba.

Abin da ya fi fita a shagon shi ne labulen shara-shara, irin wanda haske ke ratsawa, kuma a kansa aka fi samun rigima. Mace za ta saya ta kai gida ta rataya, washegari ta dawo da shi ta ce ba launin da ta gani ba ne. Auta ta san dalili tun tana yarinya: irin wannan labulen ba shi da launin kansa shi kaɗai, yana aron na bangon da ke bayansa. Sai ta yi tunanin shafin da mai saye za ta zaɓi launin bangon ɗakinta tukun, sannan labulen ya sauko a kai, bangon yana leƙowa ta cikinsa, duhu-duhu a sama inda aka tattare yadin, yana dusashewa a hankali har ƙasa inda kusan babu komai sai zare.

Faɗinsa ya fi yinsa sauƙi. Kowane labule sai ta rataye shi a lungun bayan gida da hantsi, ta ɗauke shi hoto a gaban baƙin ƙyalle, ta sake ɗaukarsa a gaban fari, ba tare da iska ta motsa shi ba. Daga bambancin hotunan biyu take gane inda yadin ya toshe haske da inda ya bar shi ya wuce. Idan ta gama, labulen yakan tsaya a fuskar kwamfuta babu komai a bayansa. Daga nan sai babbar tambaya, wato a wane irin fayil za a adana shi.

Inna ce ta fi kowa jin wannan bayani, don ita kaɗai ba ta da inda za ta gudu. Auta na shafa mata magani a gwiwa tana ba ta labari. Ta ce akwai JPEG, marar nauyi, kowace waya na buɗe shi, amma ba ya iya barin wuri babu komai, duk inda ka bar masa sarari sai ya cike shi da fari, labule ya koma kamar an manna shi a kwali. Akwai GIF, shi kuma bai san tsaka-tsaki ba, wuri ko dai a rufe ruf ko a buɗe wayam, sai gefen labule ya fito da haƙora kamar zarto. Sai PNG, wanda ke riƙe kowane mataki na dusashewa yadda yake, amma fa da nauyi, kafin ya buɗe a waya sai an jira shi.

"To wannan ai mahaifinku ne," in ji Inna. "Ga gaskiya, ga nauyin ƙafa."

Auta ta yi dariyar da rabonta da ita tun rasuwar mijinta, ta kuma zaɓi PNG.

Da farko abin ya yi armashi. Mata suna shigowa shago da waya a hannu suna nuna abin da suka riga suka zaɓa, mayar da kaya ya ragu. Yaya yakan kira abokansa ya danna musu shuɗin bango, ya danna ruwan ƙasa, yana cewa ku ga shafinmu. Auta tana jin haka daga bakin teloli, don ita ba kasafai take zuwa shago ba. Safiyarta ta Inna ce, wanka da karin kumallo da magani, hantsi na hoto, rana ta gyara. Duk sabon yadin da ya shigo sai an aiko mata da shi gida. A haka shekaru suka tafi, labule ya yi yawa a shafin, kowanne da nauyinsa.

Teloli ne suka fara tsokana. Suka ce idan kana son ganin shafin shagon, ka danna, ka je ka sha shayi, ka dawo ka tarar ya kusa. Babban telan yakan ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Ta yi dariya tare da su, amma maganar ta tsaya mata a rai, don ta san a unguwannin da sabis ba shi da ƙarfi labule yakan sauko kaɗan-kaɗan kamar ana jan sa da igiya, wasu kuma ba sa jira.

Ana haka babbar 'yar Yaya ta yi aure. Mijin ya karanci harkar talla, yaro ne mai ladabi, ba ya wuce Auta bai durƙusa ya gaishe ta ba. Ango ake ce masa, sunan kuma ya zauna har bayan sun haihu. Yaya ya jawo shi cikin harkar shago. Wata rana ya yi sallama a ƙofar ɗakin baya, ya tsaya daga waje har sai da ta ce ya shigo. Ya yaba aikin sosai, kuma da gaske yake. Sannan ya tambaya ko ta taɓa gwada WebP, wani sabon nau'in fayil da ke riƙe dusashewar kamar PNG amma da nauyi kaɗan.

Ta ce ta gwada tun fitowarsa. A wayar Yaya ko buɗewa bai yi ba, sai wani fili fari da alamar hoton da ya karye, ranar har faɗa ta sha.

"Goggo, wannan da ne," ya ce a hankali. "Yanzu ko wayar mai gadi tana buɗe shi."

Ta san gaskiya ya faɗa. Bayan fitarsa ta ɗauki wani labule mai leshi a ƙasa, ta adana shi a sabon fayil ɗin, ta matse nauyinsa yadda zai yi amfani. Daga nesa babu bambanci. Da ta ƙara girman hoton sai ta ga siraran zaren bakin leshin, a daidai inda haske ya cinye yadin, sun ɗan narke sun shige juna. Babu mai sayen da za ta taɓa lura. Amma ita ta gani, kuma ta tuna hantsin da ta ɓata tana fitar da zaren nan ɗaya bayan ɗaya. Ta ce wa Ango za ta sauya su a hankali, idan ta sami ma'aunin da ya dace. Ta sauya kaɗan, ba su yi mata ba, ta mayar.

Da ta sami lokaci wataƙila da ta sauko daga taurin kanta. Sai dai a wannan shekarar ciwon Inna ya tashi daga gwiwa ya koma ƙirji. Aka shiga zaryar asibiti, yau gwaji gobe ƙarin ruwa. Matar Yaya tana da hidimar gida, Yaya yana da shago, saboda haka Auta ce mai riƙe jaka da katin asibiti. Ango ya tuna mata maganar sauya fayil sau ɗaya, ya sake tuna mata, daga nan ya yi shiru. Ita kuma ta ɗauki shirun a matsayin haƙuri.

Wata safiya tana zaune a bencin asibiti ana duba Inna, wata nas da suka saba ta ce ta ji gidansu ana sayar da labule, tana son na falo. Auta ta ciro waya, tana shirin ba ta haƙuri a kan jira. Tana dannawa shafin ya buɗe nan take. Sunan shagon ne, lambar Yaya ce, amma sauran duk baƙo. Labule a jere reras a kan farin fili, kowanne an ɗauke shi hoto a wani ƙawataccen falo da ba ta san shi ba. Ta ja sama ta ja ƙasa tana neman wurin zaɓen launin bango, babu shi.

Nas ɗin ta karɓi wayar tana dubawa, ta ce kai, ya yi kyau, ke kika yi? Auta ta ce na gida ne. Nas ta zaɓi wani mai ruwan madara, ta rubuta lambar a bayan hannunta, aka kira ta ta tafi.

Da yamma ta sami Yaya a tsakar gida yana cire takalmi. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai miƙa masa wayar. Ya duba, ya sosa ƙeya, ya ce wasu yara ne abokan Ango suka yi, sun kwana biyu da gamawa.

"Na ga kina fama da Inna, ban so in ƙara miki nauyi ba. Ai duk abu ɗaya ne, Auta. Shagon naki ne."

Ta tambaya ina aka kai hotunanta. Ya ce zai tambayi Ango, yana jin suna nan a wani wuri. Ta tsaya ko zai ƙara wani abu, sai ya tambaye ta abin da likita ya ce. Ta gaya masa, ta wuce ɗaki.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne sabon shafin ya yi aiki. Ciniki ya ƙaru, har daga wasu garuruwa ana aiko da oda, aka ƙaro teloli. Mayar da kaya ya ɗan dawo, amma Ango ya ce cinikin ya shanye asarar. Ta yi ta sauraro ko wani zai nemi launin bango. Babban tela ya ce mata wata tsohuwar mai saye ta taɓa tambaya, aka ce an cire, ta ce to, ta sayi labulenta ta tafi. Daga ita babu wanda ya sake tayar da maganar. Wani lokaci Auta takan ce a ranta da ta bi shawarar yaron tun farko da shafinta yana nan, wani lokaci kuma ta ce ko ta bi da sun canza shi. Ba ta taɓa tsayar da ɗaya ba.

Inna ba ta san abin da ya faru ba. Har kwanakinta na ƙarshe takan tambayi labarin fayil ɗin nan mai nauyin ƙafa, Auta ta ce yana nan yana tafiya. Ta rasu a hannunta wata ranar da aka wuni ana ruwa.

Babu wanda ya ce wa Auta ta tashi. Sai dai kaya sun yi wa shago yawa, aka cika ɗakin Inna da bandir-bandir na yadi, da ya cika matar Yaya ta roƙe ta ko za a jingina kaɗan a kusurwar nata, na ɗan lokaci. Kaɗan suka zama da yawa, har sai ta karkata kafin ta kai gado, ɗakin kuma ya ɗauki warin sabon yadi mai sa ta tari. Ta nemi ɗaki a wata unguwa can bayan tashar mota. Yaya ya yi faɗa, ya ce me mutane za su ce, amma shi ya ba da motar shago aka kwashe mata kaya.

Ta koma tsohon kamfaninta. Kantin maganin yana nan, amma a sama ba ta san kowa ba sai maigidan, wanda ya yi ƙiba ya sa tabarau. Ya karɓe ta da fara'a, ya sa aka kawo mata ruwa, ya nuna mata yadda yanzu na'ura ke cire bayan hoto da kanta kafin mutum ya ƙifta ido. Ya ce zai neme ta idan wani abu ya taso. Ta gode masa ta sauko.

A ƙarshe wani shagon buga takardu ne ya ɗauke ta, kusa da ofishin da ake yin katin shaida. Aikinta hoton fasfo: a zauna, a ɗaga haɓa, kada a yi murmushi, ta ɗauka, ta mayar da baya fari fat, ta adana a JPEG, ta buga. Mai shagon wata mata ce mai surutu da son mutane, takan raba abincinta da ita, ta kuma yi ta ƙoƙarin haɗa ta da wani ƙanin mijinta da matarsa ta rasu. Auta takan ce a bar ta ta huta. Ba daɗi take ji ba, amma ba wanda ke jingina mata komai a ɗaki, kuma ta fara sabawa. Har ta sayi tukunyar fure ta ajiye a taga. Ranar hutu takan je gidan Yaya, yara su yi ta murna Goggo ta zo, ta ci abinci ta dawo kafin duhu.

Tana cikin ɗaukar wani ɗan makaranta hoto aka kira ta a waya. Yaya ya faɗi a shago, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Da aka sallamo shi daga asibiti aka zauna shawara. Matarsa tana fama da hawan jini, ba ta iya ɗaga shi. 'Ya'ya mata suna gidajensu, mazan suna makaranta. Ba a ambaci sunanta ba, amma duk wanda ya gama magana sai ya dube ta. Mai shagon buga takardu ta ce za ta riƙe mata gurbi, ta kuwa riƙe na wani lokaci, daga baya ta kira tana ba da haƙuri ta ce aiki ya yi yawa, ta ɗauki wata.

Aka kwashe yadin daga ɗakin baya aka mayar mata da gadonta. Ba a ma sha wahalar kwashewa ba, don Ango, wanda shago ya koma hannunsa, ya riga ya fara rage labule. Ya ce kasuwar ta cika da na waje masu araha, katifa da kafet sun fi tafiya. Aka sallami teloli, babban telan ya zo har gida ya yi wa Yaya sallama yana share ido. Ba a gaya wa Yaya dalla-dalla ba, amma idonsa yana bin kowa, kuma Auta tana jin ya gane.

Yanzu ita ke tayar da shi, ta jingina shi da matashi, ta ba shi abinci da cokali, ta goge masa gefen baki. Likita ya ce a riƙa motsa masa hannu, tana yi safe da yamma, tana lanƙwasa yatsun tana miƙewa. Maganarsa ba ta fita sai wasu sautuka da ita kaɗai ta fara gane kaɗan daga ciki. Kwamfutarta tana cikin kwali a ƙarƙashin gado, ba ta haɗa ta ba tun dawowarta.

Wata la'asar tana matsa masa hannu, gidan shiru, sai ya riƙe wuyan hannunta da hannunsa mai lafiya, riƙo mai ƙarfi. Ya dube ta, leɓensa yana rawa, ya fitar da wani sauti, ya sake fitarwa, jijiyar wuyansa ta tashi. Ta matso da kunnenta. Ta ji kamar sunanta ne a farko, abin da ya biyo baya kuma ta kasa kamawa. Ta ce ya sake faɗa, ya sake, hawaye ya gangaro ta ɓarin da ba ya motsi. Ta jira har ya gaji ya sake ta.

Ta tambaye shi ko ruwa yake so. Ya rufe ido. Ta ɗauko kofi ta tallafe masa kai, ya sha kaɗan, sauran ya zuba a rigarsa. Ta tashi ta je ɗauko masa wata.